Zauren Kanikawa: Ƙwaƙwalwar Mota Haɗin Gida

Assalamu alaikum. Tun ranar da na yi suɓutar baki a wannan fili na ce tsohuwar Golf ɗina da ƙwaƙwalwar da na haɗa da hannuna take yawo, wasiƙu suka hana ni sakat. Na zaɓo huɗu. Ta farko za ta ci mana fili, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Na gama difloma a fannin lantarki, yanzu ina ƙauyenmu kusa da Ringim ina gyaran waya da sola. Yayana yana da Golf 3 da yake lodin 'yan kasuwa da ita, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a. Sau biyu birenbos ɗinta, wato ƙwaƙwalwar motar, yana ƙonewa, kowanne sai an je Ƙofar Ruwa an sayo na hannu. Shin da gaske mutum zai iya haɗa nasa? In zai yiwu, me zan saya, ta ina zan fara?

AMSA: Ɗana, da gaske ne, kuma wanda hannunsa ya saba da liƙa ƙananan ƙafafu a fanel ɗin waya, wannan allon ba zai ba shi wahala ba. Amma ba a motar yayanka za ka koya ba. Motar da gida ke ci da ita ba ta gwaji ba ce. Tawa sai da ta yi wata biyu a ƙarƙashin darbejiya kafin ta yarda ta kai ni Kazaure ta dawo da ni, kuma ba wanda yake jiran kuɗin cefane daga wurinta.

Kafin ma a kai nan, birenbos ba ya ƙonewa sau biyu haka kawai, akwai mai kashe shi. Ka ɗauki mitarka ka ɗora a kan batir injin yana aiki. Ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4. In ka taka totur ka ga ya haura 15 yana ƙara gaba, altaneta ce ɓarauniyar. Ka tambayi yayanka ko an taɓa haɗa masa batir a juye garin tayar da ita, ko mai walda ya yi aiki a jikinta ba a cire kan batir ba, ko yaran wanki suna watsa wa injin ruwa da matsi. In ba ka kama mai laifin ba, naka na haɗin gida shi ne zai zama gawa ta uku.

Aikin ƙwaƙwalwar nan bai wuce amsa tambaya biyu ba, sai dai tana amsa su sau dubbai a minti guda: nawa ne man da za a fesa, kuma yaushe fulogi zai ba da wuta? A da kafireto ke amsa ta farko, distiributa ta amsa ta biyu, da sifirin da 'yan ƙarafa. Yanzu lissafi ne. Mutum biyu a Amurka, Bruce Bowling da Al Grippo, su suka buɗe wa talaka wannan ƙofa a 2001 da abin da suka kira MegaSquirt, allo da kayan haɗi a leda, ka liƙa da kanka. Daga baya wani mutumin Ostireliya, Josh Stewart, ya fito da Speeduino, wanda aka ɗora a kan Arduino Mega 2560, irin wanda ɗalibai ke yin aikin gama makaranta da shi. Shi na yi amfani da shi, don tsarinsa a buɗe yake ga kowa, kuma in Arduino ɗin ya mutu zare shi kawai za ka yi ka soka wani. Allonsa da aka fi sani yana iya tuƙa nozul huɗu masu fesa mai da layin wuta huɗu, daidai injin mai silinda huɗu. Manhajar da ake saita su duka biyun da ita a kwamfuta sunanta TunerStudio, akwai ta kyauta, akwai ta kuɗi.

Sai dai allon makaho ne, sensoci ne 'yan jagorarsa. Yana buƙatar mai gaya masa inda karanshaf yake da saurin juyawarsa, da mai auna matsin iska a cikin manifol (bututun da ke kai wa silinda iska), da mai auna zafin ruwa, da na zafin iskar da ke shiga, da mai gaya masa iya inda ka taka totur. Na ƙarshe, wanda kowa ke so ya tsallake saboda tsada, shi ne sensar da ake ɗaurawa a salansa mai duba hayaƙi ta faɗi rabon iska da mai. Ba irin wadda ta zo da motar ba, wannan iyakar saninta ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Mai faɗin lamba ake so, irin Bosch LSU 4.9 tare da na'urar da ke tuƙa ta. In kuɗinka bai kai ka saye ta ba, to bai kai ka fara aikin ba. Ka ci gaba da tari.

Ka leƙa Golf ɗin ka ga wace iri ce. Yawancin masu injin 1.8 da ke yawo a hanyoyinmu nozul ɗaya gare su a sama, zaune kamar kafireto, matsin mansa kusan "bar" 1 ne a ma'aunin matsi. Masu injin 2.0 kowace silinda da nata nozul, matsin kusan "bar" 3. Nozul ɗin ma ka auna shi da mita. Wanda ya nuna om 12 zuwa 16 kai tsaye ake haɗa shi. Wanda ya nuna 2 ko 3, ko ƙasa da haka, sai an sa masa resista a hanya, in ba haka ba zai gasa maka allo kana kallo. Ta ɓangaren wuta kuwa ka yi sa'a, domin a cikin distiributar Golf mai injin 1.8 akwai sensa da faranti mai taga huɗu, kuma Speeduino yana iya karanta ta. Jerin wutar 1, 3, 4, 2 ne, rubuta shi a jikin bango.

Ga inda ni na sha kashi. Na gama liƙa allo cikin dare uku, na gwada shi a kan tebur da ƙwan fitila, komai tsaf. Na ɗaura a mota, na yi mata ki, ta tashi, har na kira maƙwabcina ya zo ya gani. Da na taka totur ta kai juyi 2,500 sai ta yi tari, ta yi harbi ta salansa, akuyoyi suka watse. Na sake, haka. Mako uku ina zargin lissafi, ina sauya lambobi, ina zagin wanda ya sayar mini da Arduino a zuciyata, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ran nan da la'asar ina zaune ina kallon allon kwamfuta, sai na lura agogon juyin injin yakan yi tsalle daga 2,500 zuwa 7,000 ya dawo cikin ƙiftawar ido. Injin da ke gabana kuwa bai yi wannan gudun ba. Na buɗe bonet na bi wayar sensa da yatsa. Ashe don son tsafta na ɗaure ta da wayar kwayil wuri ɗaya, kusan taƙi guda suna manne da juna. Duk sanda kwayil ya harba wuta, sai wayar sensa ta ɗauki amon, allon ya ɗauka fistin ne ya iso. Na sauya ta da waya mai rigar ƙarfe a ciki, na haɗa rigar da bodi ta gefen allon kaɗai, na bi da ita ta ɗaya ɓangaren injin. Na kuma kwashe wayoyin bodi da na warwatsa a jikin mota na tara su a kusoshi ɗaya a jikin injin, bayan na kankare wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli. Shi ke nan. Ciwon mako uku, maganin rabin awa.

Shi ya sa nake cewa allon shi ne ɓangare mai sauƙi. Wayarin ne aikin. Kowane layi da fis ɗinsa, famfon mai da rilensa, kuma allon ne zai riƙa kunna shi don ya mutu in injin ya mutu. Ban yarda da murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba, hanyar Maigatari za ta kwance ta. Akwatin allon kuma cikin mota ake ajiye shi, ƙarƙashin dashbod, nesa da zafin injin da ƙurar hunturu.

In ta tashi, kada ka taɓa mai tukuna. Aro fitilar taimin. Sa alamar farin fenti a fule daidai inda fistin na ɗaya yake ƙololuwa, ka umarci manhajar ta kulle wuta a digiri 10 kafin ƙololuwa, ka haska. In fitila ta nuna 10, kai da allon yare ɗaya kuke yi. In ta nuna 4 ko 18, gyara har su daidaita, ka ƙara totur ka tabbata alamar ba ta yawo. Duk lambar da za ka rubuta nan gaba a kan wannan take tsaye, tun ran gini tun ran zane.

Sannan mai. Fetur yana ƙonewa tas idan giram ɗaya nasa ya samu giram 14.7 na iska. Bari mu yi lissafin tare. Injin 1.8, kowace silinda kusan cc 445 ce. In ta cika da iska, nauyin iskar ya ɗan haura rabin giram. Raba da 14.7, ka samu giram 0.036 na fetur, wanda bai kai cc 0.05 ba, ɗigo ɗaya ke nan. Nozul mai zubar da cc 200 a minti zai buɗe na kusan milisakan 15 kafin ya ba da wannan ɗigon. Manhajar za ta yi maka wannan lissafi in ka ba ta girman injin da na nozul, amma ina so ka san daga ina lambar ta fito. Matsalar ita ce silinda ba ta cika taf kullum. A silo kaɗan take shaƙa, a kan gudu da lodi ta shaƙi da yawa. Saboda haka akwai tebur mai gida 16 a tsaye, 16 a kwance, gefe ɗaya juyin injin, ɗaya gefen matsin iska, kowane gida kai za ka gaya masa yadda silinda ke cika a wannan hali. Cike gidajen nan shi ne saitin.

Fara da silo bayan injin ya yi zafi. Kafin ka yi ki, sensar matsi za ta nuna maka wajen 95 ko 96, ba 101 da ke cikin littafi ba, don mu nan muna sama da teku da ɗaruruwan mita. Kada ka ce ta lalace. A silo za ta faɗo wajen 30 zuwa 40. Ka riƙa ƙara lamba ko ragewa har hayaƙi ya nuna 14 da ɗoriya, injin ya daina rawa. Daga nan sai titi, mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya da kwamfuta a cinya. Ni ɗan ƙanwata ne direba, bayan sallar asuba, kafin masu amalanke da 'yan makaranta su fito. A tafiyar yau da kullum ka nemi 14.7. In an take totur har ƙasa ka nemi 12.5 zuwa 13, domin a nan ƙarin man shi ke sanyaya fistin. Ka sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka adana fayil da kwanan wata kafin kowane sauyi. Akwai ranar da za ka ɓata komai, ka gode wa Allah da fayil ɗin shekaranjiya.

Wanda ya saita mota a watan Afrilu, sai Disamba zai san bai gama ba. Da asubar hunturu fetur ba ya son zama tururi, yana kwanciya a bangon manifol, dole a ƙara shi har injin ya ɗumama. Teburin wannan ƙarin man ba ya saituwa sai injin yana da sanyi, ka ga sau ɗaya ke nan a rana, minti biyar. Ni sai da na yi asuba goma sha wani abu a kansa, da rigar sanyi da kofin shayi a kan bonet.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni dattijo ne a wani gari kusa da Gwarzo. Ina da Fijo 504 akori-kura tun ƙuruciya, da ita nake kai gyaɗa da masara Dawanau. Ɗana ya dame ni wai a cire kafireto a sa mata kwamfuta. Ni kuwa tsoro nake kada a kashe mini ita.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tsoronka yana kan hanya, amma yaron ma bai yi ƙarya ba, kuma akwai tsakiya. A bar kafireto inda yake, a ba kwamfutar wuta kaɗai. Distiributar 504 da ta kai wannan shekaru, sandarta ta yi lako-lako, sifirin ɗinta sun saki, fayint kullum sai an kankare. Rabin abin da ake ɗora wa kafireto laifi, daga nan yake.

Abin da za a yi, a kai fulen karanshaf wurin masu sassaƙa ƙarfe su ɗaura masa faranti mai gurbin haƙori 36 da aka cire ɗaya. Kowane haƙori digiri 10 ne, giɓin kuma shi ke gaya wa allon an zagayo. Sai sensa a gefensa, tazarar kamar milimita ɗaya, a kan ƙarfe mai kauri wanda ba ya rawa. Ka sa ido a nan, Alhaji: in farantin bai zauna a tsakiya daidai ba, ko mai walda ya yi maka maƙalin da langa-langa, motar za ta riƙa yanke wuta a kan gudu. Irin sensar nan mai waya biyu tana buƙatar ɗan ƙaramin allo mai gyara siginarta, kuma Speeduino ba ya tuƙa kwayil kai tsaye, sai ta hanyar igniita ko kwayil mai ita a ciki. Yaron zai gane wannan.

Daɗin wannan hanya, tsohuwar distiributa tana nan a mazauninta. In abin ya ƙi a tsakiyar hanya da buhu ashirin a baya, a mayar da wayoyin fulogi kanta, a ƙarasa kasuwa. Cire kafireto gaba ɗaya kuwa wani babi ne: sabon famfo mai matsi, tiyon da zai jure "bar" 3, layin mayar da mai tanki, huda manifol. Tiyon kafireto in aka ba shi wannan matsin fashewa yake, ya yi wa salansa mai zafi feshin fetur. Ban ba ka shawarar wannan ba a bana. Ka ce wa yaron ya nuna maka wutar ta yi damina ɗaya lafiya tukuna.

TAMBAYA: Oga, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba mu ga daidai ba. Ni direba ne a layin Haɗeja. An ce da wannan na'ura mutum zai iya rage man da mota ke sha da rabi. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙanena, wanda ya gaya maka rabi, ko dai bai sani ba ko yana da abin sayarwa. Kamfanin da ya ƙera motarka ya fi ni da kai kayan gwaji, in ƙwaƙwalwarta ta asali lafiya take, da wuya haɗin gida ya fi ta tsimi. Ana iya rage mai kaɗan a tafiyar da ba lodi, har hayaƙi ya nuna 15 da ɗoriya. Amma wanda ya rage shi a kan lodi da hawa, da fasinja bakwai da buhunan shinkafa a but, zafi zai ci bawul ko ya huda fistin. Garin neman gira a rasa ido.

Kafin ka kashe ko sisi, duba abin da kanikawanmu suka cire. Kusan duk motar da ta shigo hannunmu sai an zare mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 90. In ruwan bai kai nan ba, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai har ka je Haɗeja ka dawo. Haka in sensar salansa ta mutu an bar ta, ko matatar iska ta toshe da ƙura. Ciro fulogi ɗaya ka duba bakinsa: in baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Mayar da tamostat, gyara waɗannan, ka auna taya, sannan ka rubuto mini lita nawa ka sha a mako.

TAMBAYA: Baba, na riga na haɗa nawa a wata Toyota, tana tafiya. Amma in na hau gadar sama ko na ɗauki kaya ina jin wata ƙara ƙis-ƙis kamar tsakuwa a gwangwani. Wani ya ce bawul ne. Daga wani almajirinka a Bichi.

AMSA: Ɗana, ɗaga ƙafarka daga totur duk sanda ka ji ta. Ƙarar bawul ba ta zaɓar hawa, kullum tana nan. Wannan wuta ce ta yi sammako, ragowar man yana fashewa da kansa maimakon ya ci a hankali, yana dukan kan fistin kamar guduma. In ka bar ta za ta karya zoben fistin ko ta ƙona gaskit.

Buɗe rikodin tafiyar ka ga a wane gida na teburin wuta kake lokacin da ta yi, yawanci matsi sama da 80 ne, juyi tsakanin 2,000 da 3,000. Rage digiri 2 a wannan gida da maƙwabtansa, ka sake hawa. In ta yi shiru, rage ɗaya kuma na ajiya. Duba hayaƙi ma a daidai wurin, in yana nuna 14 ko sama, ƙara mai ya sauko 13.

Abu biyu kuma da littattafan Turawa ba za su tuna maka ba. Iskar digiri 40 ta fi ta digiri 15 sauƙin nauyi da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma ta fi ta saurin kawo wannan ƙara, saboda haka saitin da ya yi shiru da asuba zai iya yin magana da azahar. A manhajar akwai wurin da za ka ce a janye wuta in iskar shiga ta yi zafi, yi amfani da shi. Na biyu, fetur ɗinmu ba ɗaya ba ne. Na gidan mai daban, na galan ɗin 'yan bumburutu a bakin hanya daban, wani ma Allah kaɗai ya san abin da aka sirka masa. Ka yi saitinka da mafi munin man da ka san wata rana dole za ka zuba, da tsakar rana, da buhu huɗu na yashi a but. In kunnenka bai yarda da kansa ba, ɗaure guntun bututun jan ƙarfe a jikin injin da kusoshi, ka soka masa tiyo ka jawo shi cikin mota zuwa kunnen wanda ke zaune a gefe. Da shi nake ji har yau. Ka turo mini hoton teburin wutar bayan ka gyara, da na bakin fulogi huɗun a jere.